Takobin da aka ce na janar ne, ashe na ɗan sanda ne

Ranar wata Laraba bayan la'asar ina zaune a rumfa ina fama da ɗinkin wani kube da aka kawo tun kafin azumi mai shi ya dame ni da waya, sai ga kiran wani Alhaji mai kayan gwanjo da muke mutunci dashi, irin masu ɗauko kwantena daga Amurka ta Kwatano ɗin nan, kekuna ne, tukwane ne, tsofaffin akwatuna, komi dai aka tarkato. Ko sallama bai gama ba yace "Malam mi kake yi? Aje shi ka taho yanzu, takobin samurai ne ya hito cikin kaya, irin na fim, ance na wani janar ɗin Japan ne." Na rufe rumfa na hau mashin.

Ga wanda bai sanni ba, ni ɗan gidan dukawa ne a nan cikin birnin Katsina, Babanmu Allah ya jiƙan shi kube da hamila ya yi ta ɗinka ma mahaya har ƙarfin shi ya ƙare, duk hawan Sallah gidanmu cika yake da takubba, na Buzaye, na maƙeran gida, wasu ruwansu tun na kakanni. Kuma yaron da ya tashi a garin da ake ba shi labarin Gajere takobin Korau tun yana ƙarami, aka kai shi Daura ya ga rijiyar Kusugu aka ce ga inda Bayajidda ya sare kan macijiya, to in ya so takobi ba a tambayar shi dalili. Amma son na Japan daban ya shigo mani, ta wajen ƙanen kakanmu da ya je yaƙin Burma ya dawo da guda ɗaya, zan zo kan wannan.

Ina isa shagon Alhaji abinda na fara ji tun daga bakin ƙofa shi ne ƙarar sanfefa a kan ƙarfe, shaa shaa shaa, wallahi har cikin haƙorina na ji ta. Yaron shagon ne zaune a kan benci ya ɗora takobin a cinya yana ta dirza da iya ƙarfin shi wai zai fiddo mashi haske kafin in iso. Ban san sanda na daka mashi tsawa ba. Yaron ba laifin shi bane, abinda ya ga ana yi ma adda da wuƙar mahauta kenan, amma kafin in kama hannun shi ya riga ya cinye kusan taƙi ɗaya na gefe guda, farin rufin da ke kan ruwan ya tafi, sai baƙin ƙarfe da zane-zanen sanfefa. Har yau in na juya wannan gefen raina sai ya sosu.

Na karɓa na zauna na duba shi tun daga kai har tsini. Abu na farko, kuma ko wanda bai taɓa riƙe takobi ba zai iya gani, wannan ba siffar takobin samurai, wato mayaƙan gargajiya na Japan, bace ko kaɗan. Na samurai mariƙin shi dogo ne na hannu biyu, naɗe da zare a kan fatar kifi, da ɗan faifan ƙarfe tsakanin hannu da ruwa. Wannan kau mariƙin hannu ɗaya ne gajere, ga wata tagulla ta lanƙwaso daga gindin ruwa ta rufe yatsu ta koma ƙarshen ƙota kamar hannun buta, an naɗe mariƙin da siririyar waya, kuben kuma ƙarfe ne fari mai zobe ɗaya. Kai ka ce takobin faretin Turawa ne, irin wanda hafsoshinmu ke riƙewa ranar bikin yaye sojoji. Alhaji da ya ga na yi shiru sai jikin shi ya yi sanyi yace "halan ba na Japan bane?" Nace Alhaji na Japan ne, amma bari in gaya maka na wane ne.

Dalilin da yasa takobin Japan zai fito da kamar Bature tarihi ne. A 1868 aka kawar da mulkin shogun, wato shugaban mayaƙa da ke riƙe da ƙasar, aka maida iko hannun sarki Meiji, sabuwar gwamnati ta ɗauki aniyar kwaikwayon Turai a komi, soja, kotu, jirgin ƙasa, har tufafi. Wani mutumin Satsuma, wani yanki a kudancin Japan, mai suna Kawaji Toshiyoshi aka tura Turai ya ga yadda ake aikin ɗan sanda, tsarin Faransa ya fi burge shi, ya dawo aka kafa rundunar 'yan sandan Tokyo a 1874 shi ne shugabanta na farko. Da fari ƙananan 'yan sanda sanda suke riƙewa a zahiri, kamar dai sunan da muka ba namu, manya ne kawai ke rataya takobi. A 1876 aka yi dokar da ta hana kowa yawo da takobi in ba soja ba ko ɗan sanda ko ma'aikaci cikin kayan sarauta, ka ga kenan samurai da aka haifa da takobi a ƙugu rana ɗaya aka ce ya ajiye. A 1877 samurai na Satsuma suka yi tawaye ƙarƙashin Saigo Takamori, kuma a wurin da ake kira Tabaruzaka sojan gwamnati 'ya'yan manoma suka kasa tsayawa gaban masu sara, sai da aka zaɓo 'yan sanda waɗanda su ma asalinsu samurai ne aka yi masu runduna ta masu takobi zalla, Battotai, suka shiga aka yi gaba da gaba. Bayan wannan ne darajar takobi ta dawo a aikin ɗan sanda, zuwa 1883 har ƙaramin ɗan sanda mai sintiri yana rataye da nashi, samfurin Turai. Haka aka tafi har 1946 lokacin da Amurka ke riƙe da ƙasar bayan yaƙi, aka karɓe takubban aka bar su da kulki da ƙaramar bindiga.

To ka riƙe waɗannan shekaru biyu, 1883 da 1946, don duk takobin ƙaramin ɗan sanda da zaka gani a tsakaninsu ya rayu. Shekara sittin da 'yan kai.

Inda mutane ke ruɗewa, har waɗanda suka daɗe a harkar, shi ne sojan ƙasa ma irin wannan samfurin suka yi ta amfani dashi tun zamanin Meiji har zuwa 1934 da suka koma siffar gargajiya, kuma na faretinsu da na 'yan sanda in ka hango daga nesa kamar Hassan da Hussaini. Abinda ke raba su yana bayan ƙota, wannan doguwar tagullar da ta bi bayan mariƙi, da 'yan kunnuwanta biyu da suka rungumo gefe. Nan zaka kai ido. Na soja furen wani icen Japan ne da ake kira sakura, mai ninki, in ka ƙirga ganyen zaka samu goma, biyar a gaba biyar suna leƙowa ta baya. Na ɗan sanda ko dai furen mai ganye biyar kacal ba ninki, ko kuma tambarin 'yan sanda kanshi, wato rana mai fitowa da haskenta ya bazu ya tattaru ya yi kusurwa biyar kamar tauraro, suna ce mashi asahikage, har gobe shi ne a hular ɗan sandan Japan. Na kunna tocilar waya na haska bayan ƙotar nan ta gefe, datti ya cike ramukan amma ga ta nan ɓaro-ɓaro, rana da haskenta. Nace Alhaji zo ka gani da idonka. Ya duƙa ya daɗe yana kallo sannan yace "to ai ko janar ɗin 'yan sanda ne." Nace a'a Alhaji, ko sufeto bai kai ba.

Don muƙami ma a jikin tagullar yake. Ƙa'idar mai sauƙi ce kuma duk wanda ya san kayan doki zai gane ta nan take, yadda kayan dokin hakimi ya fi na yaran shi ado haka abin yake, iya girmanka iya yawan zanen da za a yi ma bayan ƙotarka. Ƙaramin ɗan sanda da suke kira junsa nashi sumul ne sai tambari kawai. In aka hau zuwa keibu, kamar sufeto kenan, sai zanen fure da ganye ya fara cin wani sashe, in aka kai keishi da abinda ya yi sama sai ka ga an zane bayan kusan duka, mariƙin ma ya fi kyau. Na hannun Alhaji sumul yake kamar tafin hannu. Ga kuma lamba an buga a jikin tagullar da ke kare yatsu, na juya kube na duba can ƙasa wajen ɗan ƙarfen da ke jan ƙasa na samu lambar nan dai ita ce, wanda ke nuna kayan gwamnati ne da ake ba mutum ya sa hannu ya karɓa, in ya bar aiki ya maida, kuma kuben nashi ne na asali ba aro aka yi mashi ba. Wannan dacewar lamba ba ƙaramin abu bace wajen masu tara irin kayan nan, takobi da kuben wani kamar mota ce da injin wata.

Sai wani dillali da ke zaune gefe tun ɗazu yana jinmu ya sa baki, wai shi a sanin shi irin waɗannan daga Burma sojojinmu suka zo dasu, a faɗa ma mai saye haka kawai kuɗin zai fi. Raina ya ɓaci gaskiya, don wannan labarin na gidanmu ne ba abin talla bane. Ƙanen kakanmu yana cikin dubban 'yan Arewa da Ingila ta kwasa zuwa yaƙin Burma, runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, su suka yi fama a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, suka ci Myohaung a Janairun 1945, kuma Sarkin Katsina Usman Nagogo da kanshi ya je har can ya gaishe su a 1944, shekarar da ya hau gadon sarauta. Sunayen barikokin da muke ji kullum, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan a Legas, duk daga wannan yaƙin suka samo asali. Takobin da tsohon nan ya dawo dashi yana nan gidanmu, kuma na hafsan sojan ƙasa ne samfurin 1938, mariƙi dogo naɗe da zare, kuben ƙarfe mai fentin ƙasa-ƙasa, da igiyar ado mai ruwan ƙasa da shuɗi wadda ke nuna ƙaramin hafsa ne, daga kyaftin zuwa ƙasa, da na manjo ko kanar ne da ja za a gani a maimakon shuɗin. Abinda ke fagen daga kenan. Ko 'yan sandan soja da ake kira Kempeitai, waɗanda suka gallabi mutane a ƙasashen da Japan ta mamaye, sojoji ne, takobin soja suke riƙewa. Ɗan sandan gari mai tsaron mahadar titi a Osaka ko Nagoya me zai kai takobin shi dajin Arakan?

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce wadda kwantenar da kanta ta nuna. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945 an tara takubba tuli-tuli, sojojin Amurka suka yi ta ɗauka suna kaiwa gida tsaraba, na 'yan sanda ma da aka karɓe suka bi wannan hanyar. Tsoho ya mutu, jikoki su share ɗakin ajiya su sayar da komi a dunƙule, wani ya loda a kwantena, sai ga shi a Katsina tsakanin keken yara da injin markaɗe. Wani abin kuma, a Japan ɗin kanta doka ba ta barin mutum ya ajiye takobi sai mai takardar rajista, kuma rajistar ta takubban da aka ƙera da hannu ce ta hanyar gargajiya, waɗanda ake ɗauka aikin fasaha, na inji ba ya samun shiga, shi yasa irin wannan ya fi yawa a waje fiye da garin da aka yi shi.

Yanzu maganar shekaru, wadda ita ce ta fi daɗi kuma ita ce aka fi yin ƙarya a cikinta.

In ka yi sa'a akwai rubutun kwanan wata, musamman a takobin da aka ba wani kyauta ko na girmamawa, to lissafin ba wuya in ka san dabarar. Mutanen Japan da zamanin sarki suke ƙirga shekara, kamar dai yadda tsofaffinmu za su ce maka an haife ni shekara biyar da hawan Dikko, ko an yi kaza zamanin Nagogo. Zamani uku ne suka shafe mu. Meiji, ana rubuta shi 明治, ya fara 1868, sai ka ƙara 1867 a kan lambar da ka gani. Taisho, 大正, ya fara 1912, ka ƙara 1911. Showa, 昭和, ya fara 1926, ka ƙara 1925. Lambobin ma ba su da wuyar ganewa, karan kwance ɗaya ɗaya ne, biyu biyu, uku uku, mai kamar alamar tarawa 十 goma ne, sai 年 a ƙarshe wato shekara. Kenan in ka ga Taisho 12 ka san 1923 ce, shekarar babbar girgizar ƙasar Tokyo, Showa 15 kuma 1940. Ka lura tsohon rubutu daga sama zuwa ƙasa yake tafiya, in kuma a kwance ne sau da yawa daga dama zuwa hagu kamar ajami, na taɓa karanta 二十 a juye na samu 12 a maimakon 20, shekara takwas kenan ta salwanta a banza. Kuma tunda an karɓe takubban a Showa 21, duk wanda ya nuna maka na aiki mai ɗauke da Showa 30 ka miƙa mashi abin shi. Akwai wani lissafin kuma na daban da suke yi daga kafuwar sarautarsu, wanda 2600 ta zo daidai da 1940, sai ka cire 660, daga nan ne sunayen samfurin soja irin 94 da 98 suka fito, 2594 da 2598, wato 1934 da 1938.

Ni abinda ke taimaka mani in ji shekarun a jikina shi ne in jera su da namu. Sarki Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kaga zamanin Taisho gaba ɗayan shi da kusan duk shekarun Showa na takobi a cikin zamanin Dikko suka faɗa. Lokacin da ake buɗe Kwalejin Katsina a 1922 wani saurayi can yana ɗaura irin wannan a ƙugu yana fita sintiri.

Amma mafi yawan na ƙananan ma'aikata ba kwanan wata a jikinsu, na Alhaji ma babu, daga lamba sai ɗan hatimi. A nan sai ka koma karatun jiki, kuma darasi na farko a rumfar Babanmu na koye shi tun ban san Japan ba: shekarun ruwa daban, shekarun kube da ƙota daban. Sau nawa Buzu zai kawo takobi ruwan shi tsohon ƙarfen Jamus mai tambarin wata biyu wanda ya girmi kakan shi, Baba ya yi mashi sabon kube ranar Talata? Wanda ya kalli kuben zai ce takobin bana ne. A Japan ma haka, babban jami'i ɗan gidan samurai yana iya ɗauko ruwan gidansu mai shekara ɗari uku ya sa a yi mashi ƙotar aiki irin ta Turai. Irin wannan zaka gane shi da mariƙi mai ɗan tsawo da 'yar ƙusar gora da ta ratsa shi, mekugi, wadda in ka tura ta ta fita ƙotar za ta zare ka ga gindin ruwan da suke kira nakago. Can ne asirin yake, sunan maƙeri in ya sa, zanen magagari, yawan hudar da aka yi wanda ke nuna sau nawa aka sake mashi ƙota, da launin tsatsa. Tsatsar ɗaruruwan shekaru baƙa ce wuluk mai laushi kamar jikin tsohuwar tukunyar ƙarfe, ta ƙarnin da ya wuce kuma ja-ja ce ko toka-toka kuma zanen magagarin na nan da kaifin shi. Don Allah don Annabi kar ka goge wannan tsatsar. Ita ce takardar haihuwar takobin, in ka kankare ta ba mai iya maida ta, kuma masana na rage darajar takobi sosai saboda wannan kaɗai. Na gidanmu da na zare na samu ɗan hatimin Seki a saman sunan maƙerin, garin maƙera ne a yankin Gifu, hatimin na nuna aikin lokacin yaƙi ne ba na gargajiya zalla ba, kuma hakan bai rage mashi komi a idona ba.

Na ƙaramin ɗan sanda kau ba a zare shi haka. Gindin ruwan siriri ne ya ratsa ƙota ya fito ƙarshe an ɗaure da noti ko an daki kan shi ya baje, ba abinda zaka gani a ciki da ya kai haɗarin fasa mariƙin, na ga wanda aka sa ma filaya aka murɗe har wayar ta warware. Ka bar shi yadda ka same shi. Ruwan kanshi na inji ne an rufe shi da farin nikel, kuma wannan layin mai kamar igiyar ruwa da ke bin kaifi, hamon, a takobin gargajiya daga wuta da yumɓu yake fitowa lokacin da maƙeri ya tsoma ƙarfe a ruwa, yana cikin naman ƙarfen, in ka juya shi a haske zaka ga kamar gajimare mai ƙyalli, amma a irin na Alhaji zana shi aka yi a sama don ado, tudun nan duk girmansu ɗaya kamar an auna da rula, shi yasa sanfefar yaron nan ta share shi tas a inda ta bi. Yawancinsu ma ba su da kaifin kirki, don dokar zare takobi a aikin ɗan sanda tana da tsauri ƙwarai, mutum na iya gama aikin shi bai zare a kan kowa ba. Wanda ya zare nashi duniya ta sani shi ne Tsuda Sanzo, ɗan sandan da aka sa gadin hanya a garin Otsu ranar 11 ga Mayu 1891 ya kai ma yariman Rasha Nicholas sara a kai, wanda daga baya ya zama sarkin Rasha na ƙarshe, ya rayu da tabon har ƙarshen ran shi.

To da na haɗa komi, tambarin ɗan sanda, baya sumul, lamba ta dace, ruwan inji mai nikel, tagulla mai kauri da aiki mai tsabta wanda bai yi kama da na ƙarshen yaƙi ba lokacin da tagulla ta yi wuya aka koma baƙin ƙarfe da aikin gaggawa, sai nace ma Alhaji wannan na junsa ne, kuma ni a ganina tsakanin zamanin Taisho ne da farkon Showa. Yace "ba za ka faɗi shekara ɗaya ba?" Nace Alhaji wanda duk ya ba ka shekara ɗaya a kan takobin da ba rubutu, so yake ya sayar maka da wani abu. Tazara ake bayarwa, kuma tazarar gaskiya ta fi mani lambar da aka ƙaga.

Jabu kuma suna nan sun cika intanet, har a Facebook ana tallar su, yawanci daga Caina. Alamominsu ba sa ɓuya: ruwa mai zane kamar an zuba mai a kan ruwa, manyan haruffa an zana a tsakiyar ruwan don su burge wanda bai iya karantawa ba, tagulla mai kaushi da furen da ya narke ba ka iya ƙirga ganyen shi, tsatsa ja mai ɗanyen wari wadda ke kama hannu. Aikin Japan na gaske ko na ƙaramin ma'aikaci ne komi zaune yake daram, ba ya kwaɗa-kwaɗa in ka girgiza. Wani lokaci zaka ga tambarin shagon da ya haɗa takobin a jikin tagulla, sanannen cikinsu wani shago ne a Tokyo mai suna Suya, sunan ne kawai ya zo ɗaya da namu na bakin titi. In kuma ka ga wani tambari ba rana ba, kar ka yi saurin cewa jabu ne, don ma'aikatan Japan a ƙasashen da ta mulka suna da nasu, na Koriya daga 1910 ganyen wani ice ne mai suna kiri da furannin shi a tsaye, na Taiwan daga 1895 alwatika biyu ne. Akwai gajeru ma kamar wuƙa, na masu ba da hannu a titi da na 'yan sandan ruwa, tunda dogon takobi ba ya shiga kwale-kwale da daɗi.

Na saya a hannun Alhaji a kan kuɗin da mu duka ba wanda ya ji an cuce shi, ya rage mani saboda gefen da aka dirza. Dillalin bai ji daɗi ba, ya tashi ya tafi. Na naɗe shi cikin buhu na ɗaure a bayan mashin don ba zan ratsa gari da takobi tsirara ba a wannan zamanin na ƙauraye da shingen jami'an tsaro, kuma duk mai irin wannan sha'awar ya kiyaye, abin ajiya ne a ɗaki ba na yawo ba.

A gida ban yi mashi komi ba sai tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki a ruwan, siriri yadda ba zai taru cikin kube ba, tagullar kuma ban sa mata man goge ba, wannan duhun da ta yi shekaru ne suka ba ta. Da damina nakan zare shi duk bayan sati biyu in duba saboda laima, musamman gefen da ba nikel yanzu wanda shi zai fara kamawa, da hunturu kuma mariƙin nake ji ma tsoro kar bushewa ta tsaga shi, don haka ba na barin shi kusa da taga. In an taɓa ruwan da hannu a goge nan take, gumin yatsa kwana kaɗan yake zama tabo. Yana nan rataye kusa da na ƙanen kakanmu da wani na Buzaye da Baba ya yi ma kube da hannun shi.

Shekaranjiya Alhaji ya sake kira, wai an buɗe sauran akwatunan an samu wani gajere mai alamar anga a jiki. Kafin ya ƙarasa nace Alhaji ina yaron nan, yace yana nan, nace ina sanfefar, yace ya kulle ta a durowa makullin na aljihun shi. Asabar bayan la'asar zan je da tocila da takarda da fensir, in akwai hatimi in kwafo shi.